Bitar alhazai: in zana taswirar da hannu ko in bar hotunan intanet?

Abu Hafsa (Madina):
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Jagoran alhazan jiharmu ya ɗora min yi wa rukuninmu bita ranar Alhamis bayan la'asar, kafin su tashi zuwa Makka. Sun kai mutum 150, akasari dattawa, wasu ma wannan ce fitarsu ta farko daga ƙaramar hukumarsu. Na haɗa shafuka 23 a PowerPoint, na cika su da hotunan Mina da Arfa da na kwaso a intanet, har da waɗanda aka ɗauka daga sama. Jiya na gwada wa kawuna da ke cikin tawagar. Ya ƙura wa hoton Mina ido, can ya ce, "Wannan shinkafa aka shanya?" Tantuna ne fa! Da na ga haka sai na juya takardar da aka naɗo mana burodi, na ja masa layi da biro: ga Makka, ga Mina, ga Muzdalifa, ga Arfa can ƙarshe. Nan take ya gyaɗa kai, har shi ya riƙa maimaita min. To yanzu yaya zan shigar da irin wannan zane cikin shafukan majigi ba tare da ya fito kamar aikin ɗan aji uku ba? Ba ni da iPad, tsohuwar kwamfuta ce da waya.

Injiniya Bashir (Dammam):
Wa alaikumus salam. Akhi, kwana huɗu ya rage maka, kar ka ɗauko wa kanka aikin da ba a sa ka ba. PowerPoint na da akwatuna da kibiyoyi da da'ira a shirye. Jera huɗu, ja kibiya tsakaninsu, rubuta suna, khalas. Ni duk mako sai na tsaya gaban manya da majigi, ban taɓa ganin wanda ya kawo zanen hannu aka ɗauke shi da muhimmanci ba. Kallon wanda bai shirya ba ake yi masa.

Hajiya Rabi (Jidda):
Injiniya, manyanka na kamfani daban, tsohuwar da ta sayar da shanu biyu ta biya kujera daban. Ni a asibiti da zan yi wa mata bayanin yadda ake allurar ciwon suga, hoton littafi ba ya shiga kansu, sai na zana ciki da cinya na ɗiga wuraren. Abu Hafsa, ga yadda nake yi, kuma ba ya cin riyal 20. Shiga kowace maktaba, wato shagon kayan rubutu, ka sayi farar takarda A4 marar layi da alƙalamin maka baƙi mai kaurin baki. Ban da biro, ban da fensir, daga sahu na uku ba wanda zai gan su. Ka kwantar da takardar a kwance, don shafin majigi faɗi gare shi ba tsawo ba. In ka gama, kai ta bakin taga da hantsi, kashe fitilar kyamara, ka tsaya daidai samanta yadda inuwar hannunka ba za ta faɗa ba. Kar ka ɗauka a matsayin hoto, yi amfani da wurin sikanin takardu, akwai shi cikin Google Drive, masu iPhone kuma cikin Notes. Zaɓi baƙi da fari. Shi zai miƙe gefuna ya wanke takardar tas.

Mu'azu (ɗalibi, Jidda):
Abin da Anti Rabi ta faɗa game da baƙi da fari shi ne ginshiƙin abin, bari in faɗi dalili. A PowerPoint in ka danna hoto, ƙarƙashin Color akwai umarnin da ke ɓatar da launi ɗaya ya zama ana ganin abin da ke bayansa. To launi ɗaya tak yake ɗaukewa. Takardar da ka ɗauka da kyamara haka kawai, idonka fari yake gani, amma ga kwamfuta toka-toka ce iri-iri, nan haske can duhu. Ka danna sai ta fito dabbare-dabbare kamar mai ƙyasbi. In sikanin ya riga ya mai da ita fara fat, dannawa ɗaya ta isa. Wani abu kuma: in za ka adana zanen bayan ka cire farin, adana shi a nau'in hoto na PNG. JPEG ba ya riƙe wannan, zai dawo maka da farin akwatin.

Abu Hafsa (Madina):
Allah ya saka. Mu'azu, na ga wani wuri a sama an rubuta Draw, wannan fa?

Mu'azu (ɗalibi, Jidda):
Shi ne wurin zane kai tsaye, a na Larabci Rasm za ka gani. Yana da daɗi in allon kwamfutarka na taɓawa ne ko kana da alƙalamin allo. Da linzamin kwamfuta kuwa, kamar a ce ka yi rubutu da guntun sabulu ne. Tsaya kan takarda.

Baba Tela (Shara Mansur):
Salamu alaikum. Yarona ke rubuta min, ni ina faɗa. Ɗana Abu Hafsa, shekara 34 ina ɗinki a garin nan, kuma duk Hajji sai alhazai sun ɓata sun faɗo shagona. A kan kwalin shadda nake zana musu hanyar komawa Misfala. Abin da na koya shi ne, in ka sa wa mutum abu ya wuce uku a takarda ɗaya, ka sake ɓatar da shi. Hasumiyar agogo, gada, masauki, shi ke nan. Kuma ka zana da girma, kamar mai zana aska takwas a gaban babbar riga, ba kamar mai ɗinkin hula ba. Wanda ke baya shi za ka yi wa zanen, na gaba ko ba majigi zai ji ka.

Injiniya Bashir (Dammam):
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ban musa maka ba. Amma abin da ke damuna da zanen hannu shi ne ƙarya yake yi game da nisa. A takardar burodin Abu Hafsa, Mina da Arfa yatsa uku ne tsakaninsu. A ƙasa kuwa Arfa ta kai wajen kilomita 20 daga Makka. Tsoho ya ga zanen ya ce ai kusa ne, bari in taka. A zafin nan.

Mu'azu (ɗalibi, Jidda):
Yaya Bashir, ai akwatunanka ma ƙaryar za su yi. Duba taswirar jirgin ƙasan Riyad da aka buɗe ƙarshen 2024, layuka shida masu launi, miƙe sambal, alhali titunan ba haka suke ba. Salon ya samo asali daga taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da Harry Beck ya tsara aka fitar a 1933. Da gangan ya watsar da nisa, don fasinja tasha ta gaba kawai yake son sani. Alhaji ma haka: ranar 8 ga Zulhajji ina, ranar 9 ina, daren ina zai kwana. Nisan a faɗa masa da baki, ko a zana mota a kan kibiyar.

Abu Hafsa (Madina):
Na sayo alƙalamin maka ɗazu bayan azahar. Ga gwaji na farko, na ɗawafi. Ban rubuta komai a kai ba, sunayen zan buga su da kwamfuta daga baya. Ku duba min.

Hajiya Rabi (Jidda):
Ma sha Allah, hannunka ba laifi. Kaurin layin ya yi.

Injiniya Bashir (Dammam):
To, ba yabo ba fallasa.

Malam Idris (Makka):
Abu Hafsa, tsaya. Kar ka sa wannan ko'ina tukuna. Bi kibiyarka da yatsa. Mai ɗawafin da ka zana Ka'aba na hannun damansa. Ɗawafi kuwa Ka'aba a hagu take, ana juyawa saɓanin hannun agogo. Daga Hajarul Aswad ƙofa za a fara wucewa, sannan Hijru Isma'il, sai a zagayo Rukunul Yamani kafin a dawo wurin farawa. A naka Rukunul Yamani aka fara tararwa. Wanda ya bi wannan zane, ɗawafinsa bai yi ba.

Abu Hafsa (Madina):
Inna lillahi! Malam, wallahi ga takardar a gabana, daidai take, Ka'aba a hagu. Yaya aka yi?

Mu'azu (ɗalibi, Jidda):
Da wace kyamara ka ɗauka?

Abu Hafsa (Madina):
Ta gaba. Gilashin ta bayan ya tsage tun Ramadan, komai hazo-hazo take fitarwa. Sai na riƙe takardar a ƙirji na ɗauka.

Mu'azu (ɗalibi, Jidda):
Shi ke nan. Wayoyi da yawa kyamarar gaba kamar madubi take adana hoto, dama ta koma hagu. Da akwai rubutu a jikin takardar da tuni ka gani, don zai fito a birkice. Da yake ba rubutu, mu uku muka kalla ba mu lura ba. Ari wayar abokin ɗakinka. Kuma daga yau kowace takarda ka rubuta lambarta a kusurwa, 2 ko 3 ko 7, in ta juya za ta tona kanta. Daga baya ka yanke kusurwar.

Injiniya Bashir (Dammam):
Kun gani ko? Da kibiyar PowerPoint ce da wannan bai faru ba. Mutum 150 fa.

Hajiya Rabi (Jidda):
Da kibiyar PowerPoint ce ma ana iya juya ta a kuskure, Injiniya, kuma kai ma ka kalla ba ka gani ba. Malam Idris ya gani ne don ya san ɗawafi, ba don ya san kwamfuta ba. Abu Hafsa, duk shafin da ka gama turo wa Malam kafin kowa.

Malam Idris (Makka):
Turo, ina nan. Kuma tunda za ka sake zanawa, gyara abu ɗaya. Layin zagayen ya bi ta bayan katangar Hijr sosai, a ga fili tsakaninsu. Duk shekara sai an samu wanda ya ga cunkoso ya ratsa ta tsakanin Hijr da Ka'aba yana ganin ya yanke hanya, alhali wani sashen Hijr cikin Ɗakin yake, zagayen nan bai ƙirgu ba. A nan ne zanen hannu ya fi hoto: kana iya kumbura Hijr ɗin ya fi girmansa na gaskiya don ido ya faɗa kansa. A hoton sama mutane sun rufe shi, ba a ma ganinsa.

Ustaz Nura (Madina):
Afuwan, ban so in katse ba, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Akhi Abu Hafsa, na ga ka zana 'yan mutane uku a kan layin, da kai da hannuwa. Ka san hadisan masu sura a Bukhari da Muslim, ba sai na karanto maka ba, tare muke zama a darasi. Mutumin da ya zo wa Ibn Abbas yana cewa da sura yake ci, ai cewa ya yi da shi in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. A ce kuma a bitar Hajji, a garin Manzon Allah, mu ne za mu haska surar mutum a bango?

Malam Idris (Makka):
Ustaz Nura, hadisan nan ba mai musunsu. Sai dai malamai sun yi tafsili. A wurin Malikiyya, wanda akasarin alhazan nan a kai suka tashi, haramcin yana kan sura mai inuwa, wato mai jiki irin gunki, kuma cikakkiyar gaɓoɓi. Ta kan takarda ba su kai ta haram ba. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka, na sani, kuma a ƙasar nan fatawarsu ta fi yawo. Amma da'ira da sanda huɗu, ba ido ba baki, ko su da yawansu ba sa kiranta sura.

Ustaz Nura (Madina):
Allah ya gafarta Malam, fita daga saɓani ai ya fi. Me zai rasa in ya cire?

Hajiya Rabi (Jidda):
Zai rasa abin da ke nuna wa tsohuwa ina kafaɗarta ta hagu za ta fuskanta. Kibiya kaɗai ba kowa ke karanta ta ba. Na sha nuna wa mata kibiya su tambaye ni, kan ne gaba ko jelar?

Baba Tela (Shara Mansur):
Ku zana sawu. Tafin ƙafa biyu, dama da hagu, suna bin juna. Duk wanda ya taɓa bin sawun akuya ya san inda ta nufa. Ba kai, ba fuska, ba rigima.

Ustaz Nura (Madina):
Wannan ban da magana a kai. Kuma kar a fahimce ni a karkace, ba zane nake ƙi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya yi wa sahabbai zane. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari: ya ja murabba'i, ya ja layi a tsakiya ya fito waje, ya ja ƙananan layuka a gefensa, ya bayyana cewa ga mutum, ga ajalinsa kewaye da shi, ga burinsa ya zarce waje. Layi da akwati ba matsala. Batun ɗaura harami kuma, Abu Hafsa, kar ka wahalar da kanka da zane, ni zan zo da tawul biyu in tsaya a gaba ka nuna a jikina.

Abu Hafsa (Madina):
Na riƙe ka da wannan alƙawari. Sawu za a yi. Mu'azu, wata tambaya. Ina so tafiyar kwanakin ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kar su ga komai lokaci guda hankalinsu ya rabu.

Mu'azu (ɗalibi, Jidda):
To kar ka zana duka a takarda ɗaya. Takarda ta farko wuraren kawai. Ɗora wata a kanta, jingina su da gilashin taga yadda za ka hango ta ƙasa, ka zana kibiyar ranar 8 ita kaɗai. Wata takardar kibiyar safiyar 9 zuwa Arfa, wata ta bayan faɗuwar rana zuwa Muzdalifa, wata ta komawa Mina. Kowace ka cire mata fari, ka jera su a shafi ɗaya, ka ba kowace motsin shigowa na sharewa, ka saita ta fara daga inda tafiyar ta fara. Sai ta fito kamar yanzu hannu ke jan ta. In wannan ya yi maka yawa, kwafi shafin sau biyar, kowane ka ƙara kibiya ɗaya, sakamakon kusan ɗaya ne kuma ba ya rikicewa a kwamfutar aro. Sannan lokacin da kake haskawa, Ctrl da P na ba ka alƙalami ka kewaye abu a take, E na gogewa.

Baba Tela (Shara Mansur):
Saura magana ɗaya. Sunayen da ka ce za ka buga da kwamfuta, da wane rubutu? Rabin tsofaffin nan boko ba su iya ba, allo suka yi. Kuma Larabcin kwamfuta ba irin na allo ba ne. Mu fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf ce. Ka buga Safa da kwamfuta, tsoho ya karanta Saƙa. Arfa da Muzdalifa duk akwai fa a ciki. Rubuta da hannunka irin na tsangaya, da wasali.

Mu'azu (ɗalibi, Jidda):
Akwai nau'in rubutun kwamfuta kyauta mai suna Alkalami da aka ƙera kan salon hannun Kano. Amma in ba a sa shi a kwamfutar da za a haska da ita ba, komawa zai yi wani rubutun. Na hannu ya fi aminci, tunda hoto ne, ba abin da zai canza shi.

Injiniya Bashir (Dammam):
A nan kam sai kun saurare ni. Baba, allunan da ke Arfa da Mina ba da rubutun tsangaya aka yi su ba. Tsohon nan ranar 9 ba zanen Abu Hafsa zai gani ba, katon allo rawaya zai gani da ke cewa nan Arfa ta fara, nan ta ƙare, da fa mai ɗigo a sama. In bai taɓa ganinsa ba, wucewa zai yi. Kuma Malam Idris ya fi ni sani, gaban masallacin Namira ba cikin Arfa yake ba, Wadi Urana ne. Wanda ya yini a can ya tashi bai shiga iyaka ba, me ya yi? Wannan allo hotonsa na gaskiya za a nuna, da launinsa, ya cika shafi. Haka gadar jifa. Ka zana musu tulu uku a jere, ƙarama, ta tsakiya, Aƙaba, su je su tarar da gini hawa-hawa mai ƙofofi kamar filin jirgi, su ce ba nan ba ne.

Malam Idris (Makka):
Maganar Namira gaskiya ce, kuma ta fi duk abin da muka tattauna hatsari, don Arfa ita ce Hajjin. Hoton allon ya shiga. A zanen kuma a raba masallacin da layi, a yi wa ɓangaren gaba alama da ja. Jamrori a jera su yadda mai fitowa daga Mina zai tarar da su: ƙarama ta wajen masallacin Khaif, Aƙaba ta wajen Makka. A nuna ranar Sallah Aƙaba kaɗai ake jifa, tsakuwa 7.

Injiniya Bashir (Dammam):
Kuma kar ka zana hanyar tanti zuwa wurin jifa sai ka ji daga jagora inda aka ba su a bana. Na bara ba lalle ya zama na bana ba.

Hajiya Rabi (Jidda):
Je ka ga ɗakin tun ranar Laraba. In ɗakin cin abincin masauki ne, bangon ba fari ba ne kuma ba a iya kashe fitilun duka. Rawaya da koren ganye mai haske ɓacewa suke yi a majigi. Baƙi, ja, shuɗi mai duhu, su kaɗai.

Abu Hafsa (Madina):
Jama'a, an yi bita jiya, alhamdu lillah. Shafuka 23 sun koma 11: zane 7, hoto 4. Bangon ruwan madara ne kamar yadda Hajiya ta faɗa, sai da muka rataya zanin gado. Ustaz Nura ya zo da tawul ɗinsa, ya sha dariya da na ƙasan ya nemi kwancewa. Sawun Baba ya yi aiki, wata Hajiya daga baya ta miƙe ta juya da kanta tana gwada kafaɗar hagu. Amma Injiniya, hoton allon rawaya shi aka fi tambaya a kai, sau uku aka ce in dawo da shi. Inda na sha kunya shi ne zanen motar da na sa kan kibiyar Arfa. Kawuna ya ɗaga hannu a gaban kowa ya ce, wannan akwatin gawa na mene ne?

Injiniya Bashir (Dammam):
Da ka ɗauko hoton mota a shirye da ba a yi haka ba. Ban janye ba.

Baba Tela (Shara Mansur):
Tayoyin ka yi ƙanana. In kun iso Makka ka biyo shago da takardun, in gyara maka motar. Ka taho min da dabinon ajwa rabin kilo, zan ba ka kuɗin.

Ustaz Nura (Madina):
Abu Hafsa, alhazan jiharmu ranar Litinin za su sauka. Turo min fayil ɗin, da takardun asali in ba ka yar ba. Kuma igiyar majigin da ka ara a ɗakinmu, mai ita yana nema.